Wata Shida a Hannun Barho

In ka tambayi masu kiwon kifin ado abin da ya kai su, kusan duk amsa ɗaya za ka ji, wai hankali yake kwantarwa. Wani likita ne ya ce masa jininsa ya hau, ya nemi abin kallo. Wani ya ga akwatin gilashi a falon surukinsa, ya ƙi yarda a fi shi. Akwai ma wanda ya ce shi yana son kifi ne domin a duk gidan shi kaɗai ne ba ya mayar masa da magana. Barho, mahaucin da ke zaune a ƙarshen layinmu, shi ya fara kiwon kifi ne saboda ya karya wa ɗansa hannu.

Shekara arba'in da ɗaya ya yi a mayanka. Ya fara da wanke hanji, ya koma riƙe ƙafa, ya koma fiɗa, har ya zama shi ake kira in an kawo bijimin da ya gagari ƙarti huɗu. Yana da hanyarsa. Zai cusa yatsu biyu a hancin sa, ya kama ƙaho da ɗaya hannun, ya murɗe, sai ka ga dabba ta zube kamar an zare ƙasa daga ƙarƙashinta. Kafin ta gane abin da ake ciki wuƙa ta wuce, jini yana tsartuwa cikin magudana. Abokan aikinsa suka sa masa sunan babbar wuƙar da yake aiki da ita, sunan ya bi shi har ya shafe nasa na asali.

Abin da ya ɓata lamarin shi ne, in an tashi daga aiki hannun ba ya tashi. Da shi yake komawa gida yadda yake. Ƙofar banɗakinsu sau uku ana canza ta. Akwai direban tasi da ya fantsama masa ruwan kwata, har yau da gefe ɗaya yake tauna. 'Ya'yansa biyu tun suna ƙanana suka koyi gane takunsa daga bakin titi, kuma daga takun suke sanin ko za su fito gaisuwa ko za su shige ƙarƙashin gado. Matarsa kam ba ya dukanta, yana kuma faɗin haka cikin mutane da alfahari, kai ka ce asibiti ya gina. Ita aikinta shi ne ta shiga tsakani. Ba ta kuka, ba ta roƙo, takan tsaya kawai gaban yaron ta rufe bakinta gam, har ya gaji ya fita.

Yaran suka girma. Macen ta zama nas, ta yi aure. Namijin ya zama tela, ya buɗe shagonsa, yana da shekara ashirin da tara ranar da abin ya faru. Barho yana zaune a tsakar gida yana wasa wuƙa, ya ce masa rigar aikinsa ta yage, yana son ta gobe.

"Baba, sai dai jibi," in ji Tela. "Aikin mutane ne a gabana."

"Mutane? Ni kuma aljani ne?"

"Ba haka nake nufi ba, Baba."

Dutsen wasa wuƙar ne a hannunsa, shi ya sa da shi ya yi. Tela ya ɗaga hannun dama ya kare fuska, dutsen ya sauka a wuyan hannu. Ƙarar da ta fito Barho ya san ta, kullum yana jin ta a wurin aiki in ana raba ƙafa da gwiwa. Ƙashi ya karye gida biyu, a hannun da ke riƙe almakashi.

Matar ta kai ɗanta asibiti, ta dawo ta ƙarasa wanke kwanukan da ta bari, ta linke kayanta. Da gari ya waye ta koma gidan 'yarta. Barho ya ba ta mako ɗaya ta huce, ba ta dawo ba. Ya ƙara mata biyu. A na huɗu ya sa riga mai kyau ya tafi da kansa, ya zauna a bakin kujerar falon 'yarsa kamar mai jiran allura.

"Baban yara," in ji matar, "shekara talatin da huɗu ina gidanka. Faɗa mini abu ɗaya mai rai da ya shigo gidan nan ya fita yadda ya shigo."

"Kaji fa? Ai kin yi kiwon kaji."

"Ka yanka su."

"Kyanwar nan."

"Da ido ɗaya ta gudu."

Ya nemi na uku, bai samu ba.

"To, ga abin da nake so," ta ce. "Ka kawo wani abu mai rai gidan, kai ka ciyar da shi, kai ka kula da shi. Wata shida. In na zo na same shi da ransa, na dawo ɗakina. In ya mutu, ka manta hanyar gidan nan."

Ya dubi 'yarsa, wadda yake kira Uwata domin sunan mahaifiyarsa gare ta. "Uwata, kina ji fa?"

"Ina ji, Baba. Ni ce ma zan riƙa zuwa dubawa."

Kwana uku ya yi yana tunanin abin da zai kiwata. Akuya ba za ta yiwu ba, domin in ya dube ta ba akuya yake gani ba, cinya biyu yake gani da haƙarƙari. Tsuntsu yana da wuya, kuma duk abin da ke da wuya bai da tabbas a gidan Barho. Sai ya tuna da kifi. Kifi ba shi da wuyan da za a kama, ba ya kukan da zai ɓata wa mutum rai, sannan tsakaninka da shi akwai gilashi. A duk dalilan da na taɓa ji na kiwon kifi, ban ji wanda ya kai wannan gaskiya ba.

Shagon kifin yana bayan masu sayar da fenti, ɗaki ne dogo mai warin gansakuka, akwatunan gilashi jere a kan kanta har kusa da rufi, ko'ina kumfa na tashi. Mai shagon siririn mutum ne da ya fara da yankan gilashin taga, shi ya sa kowa ke ce masa Mai Gilashi. Ya sayar wa Barho akwati mai tsawon kamu shida, da tsakuwa, da famfon iska, da matatar ruwa mai soso a ciki, da jajayen kifi shida masu wutsiya kamar gyale. Ya kuma yi masa karatu. Ruwan famfo a bar shi ya kwana biyu a bokiti kafin a zuba, saboda maganin da ake sa masa. Abinci kaɗan, abin da yatsu biyu suka ɗauka. In za a canza ruwa, kashi ɗaya cikin huɗu kawai. Sabulu kuwa ko kusa.

Barho ya saurare shi yadda yake sauraron kowa, wato yana jira ya gama.

A ganinsa dabbar da ke gidan mahauci ba ta cin garin gwangwani. Kullum sai ya taho musu da hanta da ɗan kitse, ya daddatsa, ya watsa. Kifin suka ci har suka gaji. A kwana na tara ruwan ya zama kamar wanda aka wanke tumbi a ciki. Barho kuma, duk abin da za a faɗa a kansa, ba ƙazami ba ne. Teburinsa a mayanka ana iya ganin fuska a kai. Ya kwashe kifin ya zuba a kwano, ya tafasa ruwa, ya kawo garin sabulu da burushin ƙarfe, ya dirje akwatin lungu lungu. Ya dafa tsakuwar. Ya wanke soson matata har ya yi fari tas. Ya cika akwatin da ruwan famfo sabo fil, ya mayar da kifin, ya zauna yana jin daɗin aikinsa. Kafin la'asar duk shidan sun juya ciki sama.

Ya zuba su a leda ya nufi shagon. Bai yi sallama ba. Ya ajiye ledar a kan tebur, ya cakumi wuyan rigar Mai Gilashi, ya ɗaga shi har takalmansa suka bar ƙasa, ya maka shi da kanta. Akwati ɗaya ya tsage daga sama har ƙasa, ya fashe, ruwa ya malale ɗakin, ƙananan kifi suna tsalle cikin fasassun gilashi suna yanka kansu. Girar Mai Gilashi ta dare, jini ya rufe masa ido ɗaya.

"Marasa lafiya ka sayar mini!"

"Ka wanke soson?" in ji Mai Gilashi daga ƙasa.

"Na wanke. Ni ba ƙazami ba ne irinka."

"To, ka kashe su. Dattin nan da ka gani a soson shi ke raya ruwan. Akwai ƙwayoyin halitta a ciki da ke cinye gubar kashin kifi. Kai komai ka gani sai ka dirje shi?"

Ya miƙe yana dafe da gira. Da wani ne, da ya kira 'yan sanda. Shi ramuwarsa ta fi haka zurfi. Ya je can ƙarshen shagon, ya kamo kifi takwas daga wani akwati da ke rufe da marfi, dangin karfasa ne amma masu launi, shuɗi da rawaya da toka. Ya ɗaure ledar ya miƙa masa.

"Ga daidai da kai, dattijo. Waɗannan ba sa mutuwa da wuri, sai dai su kashe juna. Ka tafi da su, kuma kada ƙafarka ta sake tako mini shago."

Nas ta zo ranar Lahadi, ta ji labari, ta ce lissafi ya koma farko. Ta kuma ce tunda kifi kama suke da juna, kuma ta san ubanta, sai an tsayar da shaida guda. Ta durƙusa gaban akwatin ta daɗe, sannan ta nuna wata 'yar kifanya mai ruwan toka, mafi ƙanƙanta a cikinsu, wadda wutsiyarta ke da tsaga a sama kamar an ɗan ƙwace da almakashi. Ta ɗauki hotonta a waya.

"Wannan ce, Baba. Sauran ko su rayu ko su mutu, ruwansu. Ita za mu zo gani."

"Uwata, duk ga manya ba ki zaɓa ba, sai wannan abar?"

"Manya ai ba sa bukatar kowa."

Ya sa mata suna Tsaga.

Masu cewa kallon kifi na kwantar da hankali ba irin waɗannan suka kalla ba. Tun ranar farko wani babban namiji shuɗi ya kama kogon duwatsun da ke tsakiya ya ce nasa ne, da duk abin da ke kewaye da shi. Wani rawaya ya ja da shi. Suka haɗa baki da baki suna turereniya, suna murɗa juna, har fatar leɓen rawayan ta saɓule tana reto. Bayan kwana biyu aka tsinci rawayan a ƙasa ba ido ɗaya, sauran suna yagarsa tun yana motsi. Kafin Barho ya dawo daga aiki saura ƙaya. Na biyu Shuɗi ya bi shi kwana huɗu ba dare ba rana, yana cizon fiffikensa, har ya yi tsalle ya faɗo ƙasa ya bushe a bayan kujera.

Da farko Barho da idon ma'aikaci yake kallo. Har yakan gyaɗa kai ya ce, "Wannan ya san inda ake kamawa." Amma da aka kwana biyu sai ya daina yabo. Ya lura cewa da Shuɗi ya leƙo daga kogo, kafin ma ya yi komai, kowa ya watse. Ya lura Tsaga a can ƙuryar sama take wuni, bayan bututun famfon iska, ta maƙale jikinta da gilashi, launinta ya koɗe, ba ta saukowa sai ta tabbata ya shige. Bai ce abin ya tuna masa da kowa ba, mu ma maƙwabta ba mu tambaya ba, domin muna son haƙoranmu.

Ranar da Shuɗi ya ɓalle wa Tsaga ɓawon jiki a gefen ciki, Barho ya tsoma hannu har kafaɗa, ya rushe duwatsun, ya damƙo shi. Ya ɗaga hannu zai maka shi da bango, sai ya tuna Nas takan ƙirga gawa ko da ba ta shaidar ba ce. Ya jefa shi a bokiti. Bai kai awa guda ba, namiji na biyu, wanda kullum yake laɓe kamar na kirki, ya sake launi ya yi duhu, ya kama kogon, ya fara dukan kowa fiye da wanda aka cire. Barho ya zauna ya daɗe yana kallon wannan al'amari. Sannan ya mayar da Shuɗi, a kan cewa gara mugun da ka sani.

A nan ne ya gano abin da masu kiwon irin wannan kifi suka sani tuntuni. Da yake ya rushe duwatsun ya sake jera su ba yadda suke ba, babu wanda ya gane gidansa, sai kowa ya shagala da neman wuri, aka yi kwana biyar ba a zubar da jini ba. Daga nan duk ranar Asabar sai ya sauya wa duwatsun zama. Ya koyi matse soso a cikin tsohon ruwa, a hankali, ya bar shi da dattinsa, yana kau da kai. Ya jera bokitai huɗu a tsakar gida ruwa na kwana. Da rana in ya dawo daga mayanka, ya yi wanka, sai ya ja kujera gaban akwatin ya zauna har inuwa ta juya.

Wata huɗu ba a ji ya daki kowa ba. Wani mai babur ya goge shi a bakin kasuwa, Barho ya ɗaga babur ɗin ya jefa a kwata, amma sai da ya jira mutumin ya sauka. Duk layin muka yarda an samu ci gaba.

Tsaga ta yi ƙiba, ta fara saukowa cin abinci da sauran. Saura mako huɗu wa'adi ya cika sai Shuɗi ya fara wani sabon abu. Ya haƙa rami a cikin tsakuwa, yana ɗibar ta da baki yana tofarwa. Ya riƙa zuwa gaban Tsaga yana karkaɗa jiki kamar mai zazzaɓi. Barho ya ɗauka barazana ce, ya riƙa buga gilashin da yatsa yana cewa, "Kai, ka kiyaye ni." Wata rana ya dawo ya same su a cikin ramin suna zagaya juna, Tsaga tana tsintar wani abu daga ƙasa da bakinta. Ya kore su.

Washegari ta ƙi cin abinci. Takan taso in ya watsa, ta zo har kusa, ta duba, ta juya. Ƙasan haɓarta ya kumbura. Bakinta a rufe gam, sai dai wani lokaci ta riƙa motsa shi kamar mai tauna abin da ya ƙi haɗiyuwa. Ta koma ƙuryarta ta dā. Kwana biyar, kwana takwas, cikinta ya shafe, kumburin ya ƙaru har ya yi baƙi.

Barho ya san wannan ciwo. Ya gan shi ya fi a ƙirga. Saniya ta haɗiyi ƙwallon mangwaro ko dunƙulen leda, ya tsaya a maƙogwaro, ta daina ci, wuya ya kumbura. Maganinsa ɗaya ne, a buɗe baki da ƙarfi a zura hannu har gwiwa a zaro. Shanu nawa ya ceta haka, su samu su kai ga wuƙa da ƙafarsu. Kuma da idonsa ya ga Tsaga tana tsintar abu a ramin. Tsakuwa ta haɗiya, ba wata tantama.

Ya kira 'yarsa a waya. "Uwata, kifin nan ba lafiya."

"Ni mutane nake dubawa, Baba. Ka je wurin mai shagon."

"Ya ce kada in sake zuwa."

"To, ka ba shi haƙuri mana."

Sau biyu ya je har bakin layin masu fenti. Ya hango Mai Gilashi da tabo a gira yana goge akwati, ya tsaya, ya juya. Yana da wuƙaƙe goma sha ɗaya da gatari biyu, amma ban haƙuri ba ya cikin kayan aikinsa.

A kwana na goma sha biyu, saura tara matarsa ta zo, ya yanke shawara. Da hantsi ne. Ya wanke katakon yanka, ya shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a kai, ya zaɓi mafi ƙanƙantar wuƙarsa. Ya kamo Tsaga da 'yar raga, ya kwantar da ita. Tsawonta bai kai ɗan yatsansa na tsakiya ba. Ya danne ta da hannun hagu, ya sa tsinin wuƙa a tsakanin leɓɓanta. Ta ƙi buɗewa. Ya ƙara dannawa, ta ƙara damƙe baki. Bai taɓa ganin dabba mai taurin kai irin wannan ba. Sai ya ajiye wuƙar, ya sa babban yatsa a ƙasan haɓarta yadda yake yi wa sa, ya ja ƙasa. A ransa a hankali ya ja.

Ƙarar ba ta fi ta karyewar tsinken ashana ba, amma ya gane ta. Wata bakwai da suka wuce ya ji irinta a tsakar gidan nan.

Bakin ya wangale, muƙamuƙin ya saki. Babu tsakuwa. Abin da ya zubo kan tsumman wasu ƙananan abubuwa ne kamar ƙwayar shinkafa, kowanne da baƙaƙen idanu biyu da ɗan ƙullin rawaya a ciki, kowanne yana wutsil wutsil. Sun haura ashirin. Wasu yatsansa ya riga ya murƙushe su. Barho ya tsaya da hannu a sama. Sannan ya ruga ya ɗauko kofin shayinsa da cokali, ya ɗebi ruwan akwatin, ya riƙa kwasar su ɗaya bayan ɗaya, mutumin da ke ɗaga cinyar sa da hannu ɗaya yana bin abin da bai kai ƙuda ba da bakin cokali. Goma sha huɗu suka shiga kofin da rai.

Uwar tana kwance tana buɗe marfin numfashinta, haɓa na reto. Ya duba, ya san ba gyara. Ya ɗauki wuƙar ya gama da ita da sara ɗaya a bayan kai. A duk abin da ya yi ranar, wannan ne kaɗai ya iya.

Mun gan shi ya fito da rigar gida, ya rufe kofi da tafin hannu, yana tafiya kamar mai ɗauke da wuta cikin iska. Da Mai Gilashi ya hango shi sai ya zagaya bayan tebur ya ɗauki guduma.

"Na ce kada ka sake zuwa."

"Ka yi haƙuri," in ji Barho. Maganar ta fito a karkace, kamar ƙofar da aka shekara ba a buɗe ba. Ya ajiye kofin. "Duba mini waɗannan."

Mai Gilashi ya leƙa, ya ajiye gudumar. "Ina uwar?"

Ya faɗa masa duka.

"Innalillahi. Dattijo, ai haka suke renonsu. In ta yi ƙwai a baki take ɗauka, ta riƙe har mako uku, ba ci ba komai, don kada a cinye mata su. Ko uban nasu ma ci zai yi. Da ka bar ta, kwana kaɗan ya rage ta tofo su da kanta. Mu in za mu cire da tsinken sakace muke yi, a cikin ruwa, shi ma sai mai sanyin hannu. Magana ɗaya ce fa da ka tambaya."

Ya zuba su a ƙaramin akwati, ya sa musu iska kaɗan, ya ce sai ƙullin cikinsu ya ƙare za su fara ci. Barho bai tafi ba. Ya yi ta murza hularsa, sannan ya ba shi labarin wata shidan, da hoton da ke wayar Nas. Ya tambaya ko akwai wata mai ruwan toka daidai girman Tsaga.

Akwai. Mai Gilashi ya kamo ta, ya sa masa a jiƙaƙƙen tafin hannu, ya miƙa masa almakashi. "Ga wutsiya nan. Ni ba na yanka mai lafiya. Kai ne mahauci."

Aiki ne na ƙiftawar ido, kuma babu wanda ya fi shi sanin inda tsagar take. Ya buɗe almakashin. Kifanyar tana numfashi a tafinsa, bakinta a rufe. Barho ya mayar da ita ruwa, ya ajiye almakashin, ya ɗauki ƙaramin akwatinsa ya fita.

Ranar da wa'adi ya cika matar ta zo da rana, Nas na gefenta, Tela na biye da su ɗauke da jakar uwarsa a hannun hagu. Na daman ya warke, amma ba ya lanƙwasuwa sosai, yanzu wani yake yi masa yanka shi ya ɗinka. Ya gaida ubansa daga bakin ƙofa. Nas ta fito da waya, ta durƙusa gaban babban akwatin tana nema.

"Kada ki wahalar da kanki, Uwata. Ba ta nan. Ni na kashe ta."

Ya faɗi yadda aka yi, bai rage komai ba, har maganar almakashi. Ya nuna ƙaramin akwatin da ke kan tebur. Goma sha ɗaya suka rage, sun fara iyo.

Matar ta jawo kujera ta zauna gabansu. Ta daɗe tana kallo.

"Kwana nawa ka ce ta yi ba ta buɗe baki ba?"

"Sha biyu."

"Kai kuma ka ce ciwo ne."

"Na ɗauka ciwo ne."

"Ai kullum haka kake ɗauka, Baban yara."

Famfon iska yana ta ɓulɓuli. A babban akwati Shuɗi ya fito daga kogo, kowa ya watse.

Ta miƙe ta gyara mayafinta. "Sharaɗina ya faɗi, ka sani. Da ka kawo mini wata ka tsaga mata wutsiya, da yau na kwana a ɗakina, kuma da na gane kafin mako ya zagayo." Ta juya ga ɗanta. "Kai jakar ciki, ka ajiye a kan gado. Jakar za ta zauna. Ni sai waɗannan sun cika wata shida. Guda nawa ka ce?"

"Sha ɗaya."

"Ƙirga su," ta ce wa Nas.

Da za ta fita ta tsaya a tsakar gida, ta sunkuya ta ɗauki dutsen wasa wuƙa, ta jefa a ledar hannunta. Bai hana ta ba. Yanzu a mayanka yake wasa wuƙaƙensa, da dutsen aro.

Wata uku ke nan. Tara ne suka rage, Nas ta ce biyun ba laifinsa ba ne, ta kuma shaida haka gaban uwarta. Bakin 'ya'yan kifi ƙarami ne, abincin gwangwani ya fi ƙarfinsu sai an mayar da shi ƙura. Sau uku a rana, in ka wuce ta tagarsa, za ka ga Barho a tsaye kan ƙaramin akwati, ya ɗebi gari tsakanin babban yatsa da manuni, yana murzawa da duk ƙarfin da Allah ya ba shi.